Malam Haruna da Tsakuwarsa Huɗu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ɗansa ya bugo mini waya: Malam Haruna Soja ya rasu a Dutsin-Ma.

A shekarun saba'in muka haɗu a wata firamare a Kurfi, ina koyarwa, shi yana masinja. Ya yi yaƙin basasa, an kama shi, ya daɗe a tsare ana gana masa azaba. Ya dawo da ƙafafunsa, amma kansa ba ya riƙe abu. Hedimasta zai aike shi, kafin ya kai bakin ƙofa saƙon ya ɓace. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ya daskare yana zufa.

Mu kuwa muka ce asiri aka yi masa. Ba mu san ciwo ba ne. Allah ya yafe mana.

Mutum ne da in matarsa ta dama fura, rabi nawa ne. Da na kwanta zazzaɓi, shi ya goya ni a keke zuwa asibiti.

Abin da ya fi cin ransa shi ne sallah. Raka'a ke rikice masa. Yakan jera tsakuwa huɗu a gefen buzu, yana ture ɗaya in ya ɗago, sai kuma ya manta ko ya ture. Don haka kullum azahar yana ƙofar ajina: "Malam Lawal, zo ka ja ni."

Wata rana na gaji, na ce, "Haba Malam Haruna, kullum ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban manta Allah ba, Malam. Ƙirgen ne ke kuɓuce mini. Tsoro nake kar in je can a ce ban cika ba."

Wallahi kunyar maganar nan ba ta sake ni ba har yau.

Bara na je gaishe shi. Sunana ya ɓace masa. Amma ana kiran la'asar ya kamo hannun rigata, ya ce, "Kai ne mai ja na, ko?"

Yanzu iyalinsa sun ce ni zan ja sallar jana'izarsa. Kabbara huɗu ce. Yau ni ke tsoron ƙirgen ya kuɓuce mini.

Ya Allah, ka cika masa duk raka'ar da ya yi shakka a kanta, ka ba shi natsuwar da ya rasa a duniya.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya saka shi a addu'a.