Bari-Ya-Jiƙu da Injin Gidansa

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Bari-Ya-Jiƙu ake ce masa, don in ka kai masa inji noti ya cije, sai ya ɗiga masa kananzir, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Bari ya jiƙu, ka dawo jibi." Ko za ka yi birgima a ƙasa, jibin nan ba ta matsowa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran ƙananan injina a rumfar kwano a bakin titi, janareto da injin ban-ruwa da na feshi. Abin tinƙahonsa ɗaya ne, bai taɓa lalata wa kowa ƙarfe da guduma ba.

Sai dai mutumin inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Matarsa tana da injin markaɗe da ta saya da guminta, da shi ta ɗinka wa yara kayan makaranta har suka gama. Ran da injin ya turnuƙe da hayaƙi ya mutu, maigidan ya ce ringi ne, ɗan zoben cikin injin, aikin yini ɗaya, zai duba gobe. Aka ja shi bayan kicin, ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Goben nan ta ci shekara shida. Matar ta yi magana har ta gaji ta yi shiru, shi kuwa ya ɗauka ta manta.

Sai mijin autarsu ya rasu, ya bar ta da yara biyu, ba sana'a. Ta zo gida kwana kaɗan kafin ta koma garin da ta yi aure. Ranar Laraba uwar ta ce masa, "Malam, injin nan nake so in ba yarinyar nan ta riƙe kanta. Ba ni da abin da ya fi shi. Asabar mota za ta zo ɗaukarsu."

Kunya ta kama shi. Ya kinkimo akwatin sifanu ya zauna a tsakar gida. Komai ya kwance lafiya sai fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke zaune a bakin karanshaf, sandar da ke juya injin. Ruwan shekara shida ya sa tsatsa ta haɗe su kamar tare aka ƙera su. Ya yi abin da ya saba. Ya sassauta notin har ya yi daidai da bakin sandar don ya kare zaren da notin ke hawa, ya ɗaura fula mai janyo faifan, ya matse kaɗan, ya zuba kananzir. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, ko gezau. Ya san irin wannan tsatsar mako guda take so. Da na wani ne, da tuni ya ce a dawo wani satin.

Da safiyar Juma'a autar ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallo. "Baba, in ba zai yiwu ba ka bar shi kawai, kar ka wahalar da kanka. Ni dama ban sa rai ba."

Maganar nan ta soke shi, don ba da gatse ta faɗa ba, gaskiyarta ta faɗa. Tana shiga ɗaki ya cire fular, ya zare notin gaba ɗaya wai yana tare masa hanya, ya ɗauko babbar guduma. Sau uku ya maka wa sandar tsirara. A na uku fulawil ya saki, har ya fara murmushi. Da ya shafa bakin karanshaf sai ya ji ya baje kamar kan tsohuwar ƙusa, zaren ya murƙushe, ga tsaga ta bi ta ciki. Magagari zai iya gyara zare, amma ba ya ɗinke tsaga.

Ya naɗe sandar a buhu ya zaga kasuwar 'yan kayan gyara, shago bayan shago. An daina yin irin injin tun da daɗewa. Wani tsohon abokinsa ya juya ƙarfen a hannu, ya yi dariya. "Wane ɗan koyo ne ya yi maka wannan ɓarnar? Ai da gidanka aka fara kai shi, da ba haka ba." Ya karɓi kayansa ya fito.

Asabar mota ta zo. Aka loda katifa da tukwane, autar ta durƙusa ta yi masa sallama, ba ta ko tayar da zancen injin ba. Bayan sun tafi ya sami matarsa tana tattara ƙusoshin da ya baza a tabarma, tana zubawa a tsohon kwano.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Asabar ɗin nan ce ta matse ni."

Ba ta ɗago ba. "Da ka tambaye ni, da na ce a aika mata da shi daga baya. Shekara shida ya jira ka, Malam. Kai ka kasa jiransa mako ɗaya."