Ranar da Aka Yi wa Matata Ta'aziyya a Kajiji

Shekarun baya, lokacin 'ya'yanmu biyu kacal, na taɓa zama na rubuta wa matata takardar barin aiki da hannuna. Ni malamin firamare ne a Bodinga, na kuwa zuba Turanci a takardar nan kamar mai neman kujerar gwamna. Sa hannunta kawai ya rage.

Ita nas ce a sashen masu ciwon daji, a wani asibiti cikin Sakkwato. Kullum takan bi motar haya da sassafe, ta dawo bayan la'asar. Ba nisan ne ya dame ni ba, yadda take dawowa ne. Wata rana ta shigo da fara'a, har da tsarabar rake. Wata rana kuwa ta yi sallama ciki-ciki, ta jawo 'yar kujera a tsakar gida, ko takalmi ba ta cire ba, ta zuba wa bango ido. In na tambaya, sai ta ce gajiya ce. Ni kuma, alƙalin da ba ya jiran shaida, na yanke hukunci cewa aikin nan ya busar mata da zuciya. Mace tana ganin mutuwa kullum, amma ko ɗigon hawaye babu? Na yi ta mita, har ta gaji ta ce in rubuta, ranar Litinin za ta sa hannu.

Ranar Asabar sai ta roƙe ni in kai ta Kajiji gaisuwa. Wata tsohuwa ce da ta yi jinya a hannunta wata bakwai ta rasu, a ranar ake sadakar uku. Na ce ba dangin iya ba na baba, me zai kai mu? Ta ce tsohuwar ba ta yarda kowa ya nemi jijiyarta ko ya wanke mata ciwo, sai ita. Na fito da babur ina gunaguni. Damina ce, muna barin kwalta bayan Shagari muka faɗa laka, sau biyu tana sauka ina turawa.

Da muka isa ta shige cikin gida, ni kuma na zauna cikin maza a kan tabarma, gindin dogon yaro. Mijin marigayiyar dattijo ne makiyayi. Da aka gaya masa ko ni wane ne, sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai na mijin ɗiyarmu? Allah shi yi maka albarka. In mariganya ta ƙi abinci, ɗiyar ga ka zamnawa gabanta da hura, ta ce ita ma ba ta ci sai ta sha."

Ina ta "amin, Baba" kamar da ni aka yi aikin ladan. Ana cikin haka muka ji kuka ya tashi daga cikin gida. Na san muryar, ta matata ce. Rabon da in ji ta haka tun rasuwar mahaifinta. Na yunƙura zan tashi, dattijon ya riƙe gefen rigata.

"Zamna, Malam, bar ta. Ita ma rashi anka yi mata." Ya dube ni. "Kai ka yi mata gaisuwa kuwa?"

Ban kuwa yi mata ba. Kunya ta kama ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar dawowa take ba ni labari daga bayana. Wai ƙanwar marigayiyar ce ta hana ta zama cikin baƙi, ta ja ta kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, ta zaunar da ita tsakanin 'ya'yan gidan. Duk matar da ta shigo sai ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri. Ta ce shekararta tara a wannan aiki, ta rufe idanun mutanen da ba za ta iya lissafawa ba, wasu ta san sunayen jikokinsu da na shanunsu. Amma da an fita da gawa sai ta canza zanin gado ta karɓi na gaba. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi haƙuri. Ashe duk ranar da na ga ta zauna da takalmi a ƙafa, wani nata ne ya tafi. Ba ta faɗa ne don kada ta shigo wa yara da mutuwa a kan tuwon dare.

Na tsayar da babur a bakin wata gonar gero, na juyo na dube ta.

"Allah ya jiƙan ta, ya ba ki haƙuri."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Sai yanzu, Malam? Amin."

Litinin ta zo, ba ta tambayi takarda ba, ni ma ban ɗauko ba. Daga baya na gano da ita aka hura gawayin kokon safe. Duk Turancina ya tafi a hayaƙi, ban kuma ji zafin asarar ba.

Har yau tana wannan aiki, kuma har yau in na tuna takardar nan sai in ji nauyinta. Na ɗauka ba ta da tausayi, ashe tausayin ne ya yi mata yawa ta rasa inda za ta sauke. Ni ban iya allura ba, ganin jini ma jiri yake sa ni. Abu ɗaya na koya daga dattijon Kajiji. Duk ranar da ta shigo ta jawo 'yar kujerar nan, sai in tura yara waje, in kawo mata ruwa, in durƙusa gabanta in ce, "Ya haƙuri?"

Takan ce, "Da godiya." Ta gaya mini ko wane ne, mu yi masa addu'a tare. Sannan ta sunkuya ta cire takalminta.