Makullin Da Na Bari A Bakin Zane

Ranar Lahadi ce, ranar rufe makon zumuntar mata a cocinmu. Na tashi ƙarfe biyar, na hura gawayi, na dama kunun gyaɗa, na yi wa 'yata Rahila wanka tana ƙorafin ruwan ya yi zafi. Shekararta takwas lokacin. Maigidana yana Numan, can aka mai da shi aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ni da Rahila ne kawai a ɗaki biyu da muke haya a Gwadabawa, cikin Jimeta. Ina koyarwa a firamare.

Bakwai da kwata Tabita ta buga ƙofa. Ƙawata ce tun muna makarantar horon malamai, gado ɗaya muka riƙa kwana a kai. Ta same ni ɗaure da tsohon zanen da nake aikin gida da shi.

"Adda Rifkatu, yau ma sai kin sa mun makara? Haka za ki je gaban Ubangiji kina warin hayaƙi?"

"Ke da kika sha kwalliya tun asuba, zaɓen sarauniya aka ce miki za a yi?"

Ta yi dariya har tana riƙe bango. Na shiga ɗaki, na kwance tsohon zanen na jefa kan gado, na ɗaura zanen zumunta, wanda kowace mace za ta sa ranar. Muka fita da sauri, Rahila tana binmu da gudu.

Sai na yi bayanin ƙofar, don wanda bai san wurin ba. Cocinmu ƙarami ne. Ƙofa biyu gare shi, babba mai kallon titi, da ƙarama ta baya a ɓangaren mata, mai fita filin da yara ke makarantar Lahadi. Tagogin duk an sa musu ƙarfe. Da aka fara kai wa majami'u hari a wasu garuruwa, aka kira taro. Ni na fi kowa ɗaga murya, dama ba a raba ni da wannan hali. Na ce a rufe ƙofar baya da sarƙa da kwaɗo, kowa ya shiga ta gaba a caje shi, a kuma hana mata shiga da jaka. Tabita ta ce mu bar wa Allah tsaron gidansa. Na ce mata a gaban jama'a Allah bai hana mu amfani da hankali ba, ita dai tsoro take a gano gyaɗar da take ci lokacin wa'azi. Aka yi dariya, maganata ta ci. Dattawa suka ce tunda ni na kawo shawarar, ni zan riƙe makulli. In zauna kusa da ƙofar, in wani abu ya taso in buɗe.

Tunda na hana jaka, sai na koma yin abin da iyayenmu mata ke yi, ina ƙulle makullin a bakin zanena. Ranar Asabar da yamma mun share coci, na rufe ƙofar, na ƙulle shi a zanen da ke jikina.

Ƙarfe takwas aka fara sujada. Tara saura kwata, muna cikin waƙa, hannuna ya kai ƙuguna. Babu ƙulli. Nan take na san inda makullin yake. Gida tafiyar minti goma ce. Amma ni zan ba da waƙa ta biyu, kuma na yi sati uku ina koya wa mata ita. Na ce a raina wata bakwai ke nan muna rufe ƙofar nan, ko kaza ba ta taɓa firgita mu ba. Na gyara zama.

Akwai agogon bango a saman mumbari. Tara da minti ashirin na ji babura biyu sun tsaya a bakin titi. Ba a kashe injinsu ba. Sai ƙara, tas, tas, tas, kamar ana karya busasshen itace. Tabita tana kaɗa tulu, ba ta ji ba, ta ci gaba da kiɗa ita kaɗai bayan kowa ya yi shiru. Sai ɗaya daga cikin masu caje mutane a ƙofar gaba ya faɗo ciki da baya.

"Ku kwanta!" in ji fasto. "Kowa ya kwanta!"

Ba wanda ya kwanta. Wani ya yi ihu, "Baya! Ƙofar baya!" Cocin gaba ɗaya ya juyo kaina.

"Makulli! Rifkatu, makulli!"

Mama Ngozi, mai shagon atamfa a kasuwa, ta kama wuyan rigata. "Malama, buɗe shi! Buɗe ƙofa, abeg!"

Ga abin da na yi, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na kai hannu bakin zanena ina lalube, ina yi kamar ina kwance ƙulli, alhali na san babu komai a wurin. Idanu sun yi mini yawa. Kunya ta kama ni a tsakiyar harbi. Na ɗaga murya na ce, "Ya faɗi! Makullin ya faɗi ƙasa!"

Mutane suka durƙusa suna nema. Tabita ta ajiye tulu ta shiga tsakanin bencuna da rarrafe, tana shafa siminti da tafin hannu. Na gan ta. Ban ce mata ta bari ba.

Mutanen ba su shigo ciki ba. A bakin ƙofar gaba suka tsaya suna harbi. Hayaƙi ya cika wurin, da wani wari mai kama maƙogwaro. Gilashin agogon ya fashe ya zubo. Malam Iliya, mijin Tabita, yana tsaye kusa da ni. Ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya kira maza uku.

"Ku ɗauki benci! Ku matsa! Ku ba mu hanya!"

Suka daki ƙofar sau huɗu. A na biyar katakon da ke riƙe da sarƙar ya tsage. Daga maganar da na yi zuwa buɗewar ƙofar bai fi minti biyu ba. Na yi shekaru ina auna minti biyun nan.

Ban fita da ƙafata ba, turo ni aka yi. Na tsinci kaina a fili, takalmi ɗaya a ƙafa. Yara sun watse. Na sami Rahila a bayan bangon bayan gida, ta toshe kunnuwa da yatsu, ta jiƙa rigarta. Na fizge ta. Na ji babura sun tashi, sun yi wajen babban titi. Ban koma ciki ba. Ban nemi Tabita ba. Muka bi lunguna, muna tsallake kwata, mutane suna rufe shaguna da ƙofofi a gabanmu.

Goma saura minti goma muka isa gida. Mai gidan da muke haya tsohuwar Bafulatana ce, kowa Dada yake ce mata. Tana tsaye a zaure da carbi a hannu. Ta ga zanen zumunta a jikina, ta ga jini a gefensa wanda ni ban ma lura da shi ba.

"Shiga, shiga! Ɗakina, ba naki ba. Kar ki yi magana."

Muka zauna a bayan gadonta. Ƙarfe sha ɗaya aka fara jin jiniya. Sha biyu jita-jita ta cika unguwa: za a dawo, za a yi ramuwa, za a bi gida gida. Ba wanda ya san gaskiya. Rediyon Dada ya ce an sa dokar hana fita daga yamma. Wayar maigidana ba ta shiga. Dada ta ce ɗanta zai kai mu Ngurore a motarsa ta ɗaukar kaya, daga can mu nemi hanyar Numan.

Na shiga ɗakina in haɗa kaya. Tsohon zanen yana kan gado yadda na jefa shi, da ƙullinsa a baki. Ban kwance ba. Na shimfiɗa shi, na zuba tufafinmu da takarduna a ciki, na ɗaure. Dada ta ba ni hijabinta na rufe jikina.

Ƙarfe ɗaya muka tashi. Mu goma sha wani abu a bayan motar, har da wata mai jego. Hanyar fita gari ta cika da mutane, wasu da katifa a ka, wasu ba komai sai yara. Shinge uku muka wuce. A kowanne magana ɗaya ce.

"Ku sauka! Hannu sama! Kar wanda ya yi gudu!"

Mukan sauka mu taka kwalta mai zafi, hannu a sama, har sai an gama binciken mota. A shinge na uku hannun Rahila ya gaji ya fara saukowa, wani soja ya daka tsawa, ta sake ɗagawa tana kuka ba sauti. Ƙullin kayana yana kaina. Ina jin makullin yana taɓa mini kunne.

Ƙarfe uku muka isa Ngurore. Ɗan Dada ya juya nan take don kar doka ta rutsa da shi. Wani manomi ya buɗe mana zaurensa, matarsa ta kawo ruwa da dafaffen rogo. Wajen ƙarfe biyar wayata ta yi ƙara. Matar fasto ce. Ta ce mutum biyar suka rasu, ta lissafa su. Mama Ngozi tana asibiti, za ta rayu. Tabita kuma a tsakanin bencuna aka same ta, a durƙushe. Ta ce kar in damu kaina a kan makullin, a irin wannan turmutsitsi komai yana iya faɗuwa.

Na ce mata haka ne.

Na zagaya bayan gidan, na kwance ƙullin da haƙori, na wurga makullin cikin gonar masara. Washegari da safe muka sami babbar mota zuwa Numan.

Wata huɗu muka yi a can. Da makarantu suka buɗe na dawo Jimeta, amma na kama haya a unguwar Ajiya, na canza coci. Ban je jana'izar Tabita ba, na ce hanya ba kyau. Ban je gaisuwa ba, na ce zuciyata ba za ta ɗauka ba. Mutane suka tausaya mini. Na fi kowa azumi, na fi kowa tsawon addu'a, har aka fara ba da misali da ni. Amma duk ranar jibin Ubangiji, in farantin gurasa mai tsarki ya iso gabana, sai in miƙa wa na kusa. Ko maigidana bai san dalili ba. Na yarda Allah yana gafarta wa ɓarayi da masu kisa, na koya wa yara haka da bakina. Ban dai yarda zan iya sa wannan magana a hannunsa in tsira ba. Ni zan tsare ta da kaina, kamar yadda na ce zan tsare ƙofa. Shekara tara na yi a haka, kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa.

Bara, wata Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, na je gidan Malam Iliya. Ya yi ritaya, furfura ta cika masa kai. Yana zaune a gindin mangwaro yana gyaran rediyo. Na durƙusa, ban tsaya doguwar gaisuwa ba, don na san in na tsaya ba zan faɗa ba.

"Baban Yakubu, makullin nan bai faɗi ba. A gida na bar shi. Ƙarya na yi, Tabita tana neman abin da babu."

Ya ajiye rediyon a ƙasa.

"Na sani, Malama. Ina kusa da ke. Na ga bakin zanenki, ko alamar ƙulli babu. Shi ya sa na ɗauki benci."

"Ka sani, ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In faɗa a yi me? Ba ke kika riƙe bindiga ba. Na yi shekara biyu in na tuna fuskarki abinci ba ya shiga. Daga baya na ce, Ubangiji, ni ban iya ba, ka karɓa. Tun lokacin nake sa ido a hanya ko za ki zo."

Na yi kuka irin wanda ban yi a Ngurore ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya yi addu'a gajeriya, ya ambaci sunana da na Tabita a tare. Na ce amin, kuma na ji kalmar ta fito daga cikina. Ba ni da sauran abin ɓoyewa, ga mutum ko ga Allah.

Ya juya wajen ɗaki ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.

Tabita ta bar 'ya'ya uku. Mun taɓa yi wa juna alkawari, wadda ta riga tafiya, ɗayar ce uwar 'ya'yanta. Yakubu, babban, ya gama makaranta ba ni. Ta biyun ta yi aure ba ni. Auta ce ta fito da kofi a faranti, doguwa, da goshin uwarta. Ni na fara yi mata wanka ranar da aka haife ta. Ta durƙusa ta miƙo mini ruwan da hannu biyu, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta dubi babanta ta ce, "Baba, wace ce?"