Ɗigon Jinin da Ya Ƙi Yin Haske

Har gobe ba zan manta da wata safiya ta damina ba, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Agege. An kawo mini jinin wani jariri da ko suna ba a yi ba. Shawara ta kama shi, idanunsa sun yi ɗorawa, ya daina kama nono. Likita ta ce in duba G6PD, domin idan shawarar ta hau ƙwaƙwalwa, yaron ba zai koma daidai ba.

Ga wanda ba ɗan aiki ba, G6PD wani furotin ne da jiki ke ƙerawa bisa umarnin wata ƙwayar gado. Shi ke tsaron jajayen ƙwayoyin jini. Wanda nasa ya yi ƙaranci lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya haɗu da wani magani ko sinadari, ƙwayoyin su kama fashewa.

Gwajin nan ina sonsa kamar me. A gauraya jinin da ruwan gwaji, a ɗiga a takarda, a kashe wuta, a kunna wata fitila ta musamman. Jini mai lafiya sai ya yi ƙyalli. Nakan shagala a duhun nan, ƙarar motocin haya na danfo da jirgin ƙasa ta yi nisa, in riƙa ganin kamar taurarin garinmu ne aka zubo mini a tafin hannu. Oga kan ce da ni, “Hajara, ke lab kika zo ko mafarki?” Ran nan ɗigon yaron ya tsaya baƙi ƙirin, alamar G6PD ɗinsa ya yi ƙaranci.

Na kai sakamakon da kaina. Jaririn na kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitilar shawara, an rufe masa ido. A bakin ƙofa na ga kakarsa, wata dattijuwa da ta taso daga Maraɗi don wankan jego, rungume da akwati. Tun daga nesa ƙamshin kafur ya buge ni.

Na ce, “Inna, kayan wa ke ciki?”

“Na angona ne,” in ji ta. “Tun cikin na ƙarami nike tara mishi. Na zuba kafur kar asu ya taɓa.”

Kafur ɗin ne ke fasa masa jini. Na gaya wa likita, ta hana a kusantar da duk wani tufa mai ƙamshin. Har zanen jikin tsohuwar daga akwatin ya fito. Ta dubi hannuwanta ta ce, “'Yata, ke nan ni ma ba ni ɗaukar shi?”

Tausayinta ya kama ni. Na koma na ɗauko doguwar rigar da nake salla da ita, na nuna mata banɗaki da sabulu.

An ƙara wa yaron jini, shawarar ta sauka, ya tashi lafiya. Ranar da ya sake kama nono, cikin rigata kakar ta karɓe shi, tana yi masa waƙa a hankali, hawaye na zuba.

Shi ya sa nake ce muku, ku ma'aikatan ɗakin gwaji, kada ku miƙa sakamako ta taga ku juya. Ku taka ku ga masu jinin. Sau da yawa abin da ke cutar da mutum, mai ƙaunarsa ne ya ɗauko masa shi tun daga gida, bai sani ba.