Amplin da Bargo Ya Kashe a Lalala

Ana sallame sallar asuba muka bar Kango, ni da maƙwabcina mai sayar da agogo. Shi sari za shi Libreville, ni kuwa saƙo ya same ni jiya da yamma: amplin abokina mai jita, wato akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, ya mutu, kuma yau da la'asar ake wasan ban kwana a unguwar Lalala, don jibi jirgin ruwa zai kwashe waɗanda ba su da katin zama. Abokin nawa ma yana ciki. Tare muka zo ƙasar nan daga Damagaram, ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. To ina zama? Da yake gyaran rediyo ne sana'ata, na cusa mitar awon wuta da ƙarfen dalma a jaka.

Hanyar dai kun san ta, daji kore shar hagu da dama, motocin gungume suna wuce mu kamar za su tafi da kunnuwanmu. A Ntoum muka karya da burodi da kofi. Tun da aka karya darajar sefa burodin ya rame, kuɗinsa kuwa sai ƙiba yake. Shinge uku muka tarar. A na biyu aka sauke mutum biyu daga motarmu, wallahi raina ya ɓaci. A na uku jandarma ya daɗe yana duban katina, don hoton tun ina da gashi ne. Da ya ga mita ya ce mece ce wannan, sai na auna masa batirin rediyonsa na ce kwanansa ya ƙare. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

A tashar PK8 muka sake mota. Mun isa Lalala da hantsi, mata na gyaran kifi a tsakar gida, maza na jera benci, mutumina kuwa yana zaune gaban ampli kamar mai jinya. Tsohon ampli ne mai kwalabe, irin wanda sai ya yi ɗumi yake magana. Na kunna, kwalaben suka yi ja, amma ban da gurnani ba abin da ke fita. Na kashe, na zubar da wutar da ke kwance a kondansate, ma'ajiyar wutar, tukuna, don wannan ta taɓa jefa ni bayan teburi, ba na son ƙari. Mita ta nuna mini ɓarawon nan take. Turansistan da ke daidaita wuta ya ƙone ƙurmus, har fentin gefensa ya tashi.

Na ce wannan zafi ne ya ci shi, me ka yi masa? Ya sosa ƙeya. Ashe tun da aka fara kame, ya kasa haƙura da kiɗa, kuma yana tsoron ƙara ta jawo 'yan sanda gidan da rabin mutanensa ba su da takarda. Sai ya riƙa lulluɓe amplin da bargo biyu, ya ɗora darduma, ya cusa kansa ciki yana kaɗawa. A zafin Libreville fa! Na yi dariya har da hawaye, na ce Allah ya so shi ma bai ƙone ba.

Sai neman sabo. Kanti biyu muka shiga a cikin gari, duk bakinsu ɗaya: tun faɗuwar sefa ba a kawo ba. Azahar ta yi, ba mu samu ba. Maƙwabcina ne ya tuna da wani ɗan Garwa a unguwar Derrière la Prison mai tara matattun talabijin. Muka same shi yana cin rogo da miyar gyaɗa, ya ce sai mun sa hannu. Muka ci a tsaye. Talabijin huɗu na farke kafin na sami turansistan da zai ɗauki wannan wuta. Da ya ji na wasan ban kwana ne, ya ce in ɗauka, ƙanensa ma yana jirgin.

Muka koma a guje. Na cire ƙonannen, na goge wurin, na shimfiɗa ɗan fallen mika mai tare wuta don kada sabon ya taɓa ƙarfen jiki, na shafa farin man sanyaya, na ɗaure, na zuba dalma. Wani ɗan rezistans da ya gasu tare da shi ma na sauya. Ana kiran la'asar na kunna. Allurar mita ta hau ta tsaya cak inda ya kamata. Bayan salla mutumina ya ja wayar jita ɗaya, sai ga murya garau har bakin titi.

Jama'a, an yi wasa. 'Yan Maraɗi, 'yan Garwa, Kanawa, har maƙwabta 'yan ƙasa suka shigo da kujerunsu. Tsofaffin da ke cewa jita shiririta ce na gan su suna kaɗa ƙafa a ƙarƙashin riga. Ni kuwa ina bayan ampli ina taɓa shi lokaci lokaci, ɗuminsa daidai. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Kafin magariba mutumina ya kashe, ya naɗe waya, ya turo amplin gabana. Na ce ai lafiyarsa lau yanzu.

Ya ce, “Na sani. Jaka ɗaya aka yarda mu shiga da ita, jitar kawai zan ɗauka. Tun farko kai na yi niyyar bar wa shi, Malam. Amma ba a ba aboki gawa.”

Sai na ce masa ni ko kiɗan gwangwani ban iya ba. Ya ce in koya.

Washegari muka juyo Kango da ampli a cinyata, ƙafafuna suka mutu tun kafin Ntoum, amma ban yarda an ɗora shi saman mota ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, idan mutumin da ba ya roƙo ya kira ka, ka tashi kawai, kada ka ɗauka ka san abin da yake nufi. Yanzu amplin yana nan a shagona, duk Juma'a ina kunna shi ya yi ɗumi don kada damshi ya ci shi kafin mai shi ya dawo.