Littattafan Teku na Tsohon Daraktana

Ban taɓa ganin teku ba, har yau da furfura ta fara fito mini. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Amma akwai wasu shekaru da na san sunan kowace igiya ta jirgin yaƙi mai tafiya da iska, kuma wani mutum ne ya koya mini, mutumin da na saka wa da abin da ko maƙiyi ba a yi masa.

A Kalfu aka fara tura ni koyarwa. Daraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar, dattijo ne dogo, Kirista, mutumin kudu, kowa Mushe yake ce masa. Idan an tashi yara da rana, mu malamai mukan baje a gindin itacen bedi muna shan shayi, shi kuwa sai ya jawo kujerarsa gefe, ya buɗe wani tsohon littafin Faransanci mai hoton jirgin ruwa a bango. Wata rana na yi masa ba'a.

"Mushe, mu da muke layi a bakin rijiya, mi za mu yi da labarin teku?"

Bai ji haushi ba. Ya ce tun yana saurayi aka tura shi kwas a Kwatano, a can ya ga teku sau ɗaya tak, a can kuma ya sayi littattafan wajen wani mai baza su a bakin titi. Ya miƙo mini wanda ke hannunsa. "Tahi da shi, ɗana. In ka gama sai ka yi mini dariya da hujja."

Bayan kwana uku na mayar masa. Na ce ban fahimci komai ba, shafi ɗaya sai na buɗe ƙamus sau goma, kuma rabin kalmomin babu su a ciki. Sai ya ja ni cikin aji, ya ɗauki alli, ya zana jirgi a allo da dogayen ginshiƙai uku. Ya cire hularsa, ya tsaya a bakin taga, ya nuna mini wani zane da matar maƙwabci ta shanya, iska ta cika shi ya yi ciki. Ya ce da haka jirgin ke tafiya, sauran duk igiyoyi ne na juya zanen.

"Kada ka tsaya kan kowace kalma. Su ma sabbin ma'aikatan jirgin ba su san sunayen ba ranar da anka jefa su ciki. Bi mutanen, igiyoyin za su biyo ka."

Haka na yi, kuma da na wuce shafi hamsin ban sake waiwayar ƙamus ba. Abin da ya fara kama ni shi ne ruwan sha. Mutane ɗaruruwa a tsakiyar ruwan da ba ya shayuwa, ana auna musu na gangar katako da ɗan kofi, ya yi wari, ya yi kore, suna sha suna godiya. Wannan ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Na karanta yadda ake kama matasa a titi a sa su aikin jirgi dole, yadda ake ɗaure mutum a zane shi gaban kowa, yadda haƙora ke zubewa don rashin ganye da lemu. Na so shugaban jirgin labarin kamar yayana.

Mushe yana da tsari. Labaran ƙirƙira yake fara ba ka, sai ka ƙoshi da su ya ba ka na tarihi. Da na kai ga na tarihin, na iske zanen cikin wani jirgin bayi, an jera baƙaƙen mutane kwance kamar buhunan gero a rumbu. Na zo masa raina a ɓace.

"Ashe mu muna ƙasa, a cikin duhu, su waɗanda nike so suna sama."

Ya ce, "Shi ya sa ban fara ba ka wannan ba. Da ka jefar da su duka. Yanzu kuwa dole ka riƙe biyun tare."

Shekara biyu muka yi, ya yi ritaya ya koma Tawa da zama, ni kuma aka mayar da ni Tebaram. Duk lokacin da na shigo gari nakan sauka a tasha, in hau kabu-kabu zuwa gidansa, in mayar da littafi in karɓi wani. Matarsa, Madam, ba ta taɓa bari na fita ban ci abinci ba, kuma ita ce ke shimfiɗa mini tabarma a zaure idan lokacin salla ya yi. A lokacin muna cikin wani dogon labari mai littafi uku, na gama na ɗaya, na biyu yana hannuna.

A Tebaram akwai wani abokin aikina, ɗakinsa na jikin nawa, tare muke cin tuwo. Kujerar darakta za ta zama babu kowa, kuma ana ganin ni za a ba. Abokin nan nawa ne ya je wajen shugaban iyayen yara ya ce ina ɗauko littattafan coci daga Tawa, ina karanta wa yara. Hujjarsa ita ce tutar da ke bangon littafin, wadda ke da gicciye. Gaskiya ne ranar Asabar nakan ba yara labarin guguwa da igwa, suna buɗe baki. Iyaye huɗu suka zo lakwal. Na buɗe musu littafin, na fassara musu shafi guda, suka ce sun gamsu, suka tafi. Amma magana zarar bunu ce. Cikin mako biyu yara uku suka daina zuwa ajina, kuma zancen ya riga ni isa Tawa.

Kawuna da ke can Tawa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya kira ni ɗakinsa. "Mi ya kai ka gidan mutumin nan? Abincinmu ne bai ishe ka ba?" Na ce littafi ne kawai, Kawu. Ya ce shi bai san littafi ba, abin da ya sani shi ne sunan gidanmu. Bai yi mini tsawa ba, bai ma ce ya hana ni ba. Ni ne na hana kaina, kuma da sauri na yi.

Na daina zuwa. Ban aika da dalili ba. Wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ina tsaye kusa da masu sayar da albasa, sai na ji muryarsa daga tsallaken titi: "Ɗana! Ɗana!" Daga coci yake, da farar rigarsa, yana ɗaga sanda. Tare nake da mutanen Tebaram biyu. Na juya masa ƙeya, na tsayar da kabu-kabu, na hau ba tare da na san inda zan ce a kai ni ba. Na san ya gane na ji shi.

Bayan wata guda direban motar da ke zuwa Tebaram ya kawo mini ƙunshi. Littafi na uku ne, da ƴar takarda: "Ka ƙarasa labarin, ba sai ka zo ba." Na nannaɗe shi yadda ya zo, na ba direban ya mayar. Kujerar daraktan kuwa abokin nawa aka ba, duk da haka. Na sayar da dattijon, kuma ko ladan cinikin ban samu ba.

Shekara uku na yi ina cewa in ƙura ta lafa zan je in ba shi haƙuri. Ranar da na je, wata maƙwabciyarsu ce ta leƙo. Ta ce ciwo ya kwantar da shi, ƴaƴansa sun zo sun tafi da shi da Madam garinsu, can ya rasu da kakar bara. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne malamin Tebaram? Ya bar maka kwali. Ya ce za ka zo. Kullum sai ya ce za ka zo."

Ta kai ni wani ɗakin ajiya a bayan gidanta. Rufin ya yi yoyo damina biyu. Da na ɗaga kwalin sai gindinsa ya zube, gara ta mayar da rabin littattafan ƙasa, sauran sun manne da juna kamar tubali. Na tsuguna ina ɓamɓarewa ɗaya bayan ɗaya, na samu huɗu da za su karantu. Na uku ɗin yana ciki, amma daga tsakiya zuwa ƙarshe babu.

Matar tana tsaye a kaina har na gama. Ta ce in kwashe tarkacen ma in fita da shi, tana son ɗakin za ta zuba harawa. Na roƙi tsintsiya, na share mata wurin tas, na zuba a buhu na kai juji.