Tubar Baba Issaka

Duk wanda ya taɓa sayen koko a wurina a Akwatia Line ya san rumfar Baba Issaka, domin ba yadda za a yi ka tsaya gaban tukunyata ba ka ji shi ba. Rumfar kwano ce a jikin katangar ƙaramin masallacinmu, cike da ƙahonin tagulla, wasu a rataye, wasu a kwance suna jiran layi. Ni Habsa, tun ina amarya nake suyar ƙosai ƙofa da ƙofa da shi, yau ga ni da jikoki. Saboda haka in na ba da labarinsa, ba ji na yi a bakin kasuwa ba.

Mahaifinsa daga wajen Bawku ya zo Kumasi dako, a nan aka haifi Issaka. Da ya tasa aka kai shi Suame, unguwar makanikai, koyon liƙin lagireton mota, ya ƙware da dalma har ana cewa in ya liƙe abu, sai dai ƙarfen ya nemi wani wuri ya tsage. Yadda ya koma gyaran ƙaho kuwa, wani malamin makaranta ne ya kawo masa bigilar da mota ta taka, ta lotse kamar gwangwanin madara. Issaka bai taɓa riƙe irinta ba. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce ai wannan ma lagireto ce, bututu ne kawai da iska ke bi maimakon ruwa. Ya miƙar da ita, ya liƙe, ta yi kuka. Daga nan labari ya bazu cikin makarantu da coci-coci. Kuma kowa ya san garin nan, ba a biki ko makoki a wajen maƙwabtanmu Asante sai da 'yan badujala, don haka aiki bai taɓa yanke masa ba.

Amma ba da ƙaho unguwa ta san shi ba. Ladaninmu ne. Tun kafin a sayo lasifika shi ke kiran salla, kuma da aka sayo, makullin akwatinta a wuyansa yake kwana. Yana da numfashin da in ya ja kalma guda, sai ka gama kwashe ƙosai daga mai bai sauke ba. Yana kuma da dokokinsa da ba mai taɓawa: ba ya busa waƙa, sauti ɗaya tak yake ja don ya ji ko ƙaho na yoyon iska, ba ya busawa kusa da lokacin salla, ranar Juma'a kuwa rumfar a rufe take. Sai dai fa Baba Issaka akwai zuciya. Mutum ne da ya fi son a zalunce shi da a ce ya tsaya yana kare kansa, halin da na sha yi masa faɗa a kai, yana jina yana goge tagulla.

Cikin masu kawo masa aiki babu kamar Madam Afriyie, malamar kiɗa a wata makarantar coci, doguwar mace mai dariya da ƙarfi. Ita ce ta kawo masa wani ƙaton ƙaho da ya daɗe yashe a ɗakin ajiyar makarantarsu, mai baki kamar bahon wanka, wanda sai an rungume shi ake busawa. Mu a Zongo duk abin da ake busawa ƙaho ne, babba da ƙarami, ba mu damu da sunayensu ba. Ni kaɗai na tambaya, don ni ba na ganin abu in yi shiru. Ya ce mini sunansa tuba. Na yi dariya na ce Allah ya karɓi tubarsa, muka wuce wurin.

Duk shekara mawaƙan coci da malaman kiɗa na makarantu suna yin taro a wani babban zauren coci a Adum, tsakiyar gari. Masu koyar da waƙa su zo, masu molo da ganga su zo, a baje littattafan kiɗa, kowa ya koyi abin da bai iya ba. A wannan shekarar suka ce suna son wanda ya tayar da tubar nan daga kwance ya zo ya nuna musu yadda ake kula da ƙaho. Baba Issaka ya amsa, har ya sa aka ba ni aikin dafa musu wake da shinkafa.

Ranar Laraba Madam Afriyie ta zo tuna masa, ta tarar ya tafi Suame sayen dalma, ni kuma na leƙa gida. Sai ta ga dattawa a kan benci a ƙofar masallaci, cikinsu har da Alhaji Mahamadu, wanda shi ke riƙe da al'amuran masallacin tun rasuwar mahaifinsa. Don girmamawa ta ƙi yi musu Twi, yarensu na Asante, ta ɗauko ɗan guntun Hausarta.

"Sannu Baba. Ku faɗa Baba Issaka, Asabar ya zo coci. Tuba. Gaban mutane duka. Fasto ma ya yi murna paa!"

Ta yi musu sallama ta tafi tana fara'a, ta bar benci kamar an yi mutuwa. A wurinmu in aka ce mutum ya je coci ya tuba, magana ɗaya ce, ya bar addininsa. Ga shi kuma Hausar Zongo ba ruwanta da ɗaga murya ko sauke ta a kan kalma, kowa yadda ta zo bakinsa yake faɗa. Kafin la'asar maganar ta kai har unguwar Buokrom.

Bayan salla Alhaji Mahamadu ya tare shi a bakin rumfa, ina tsaye ina wanke kwanoni.

"Malam Issaka, an ce Asabar za ka coci."

"Zan je."

"An ce tuba."

Na ga lokacin da Baba Issaka ya gane inda aka kwana. Ya dubi ƙaton ƙahon da ke jingine bayansa, ya dubi Alhaji. Hannu kawai zai miƙa ya nuna, magana ta mutu. Bai miƙa ba.

"Ni kake tambaya wannan, Alhaji? Ni da na yi kiran salla a kunnen 'ya'yanka duka ranar da aka haife su?"

"Amsa nake so, Ladan. Jama'a na magana."

"Ba ni da amsa koraa, ko guda. Asabar ka zo ka gani da idonka."

Alhaji ya ce to, kafin Asabar ɗin, a ba Shakiru mai shagon cajin waya makullin lasifika. Baba Issaka ya zare igiyar daga wuyansa ya ajiye a kan benci, bai ko miƙa masa a hannu ba.

Ni fa a nan na tashi. Na ce Alhaji, wancan abin da ke bayansa shi ne tuba, sunan ƙahon ke nan! Wani daga benci ya ce ai dole in kare shi, tunda ni ma coci ta ba ni kwangilar girki. Wani ya ce tun yaushe ƙaho ya yi zunubi da zai tuba. Suka yi dariya. Na faɗa musu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Na juya kan Baba Issaka na ce ya buɗe baki mana, ya ce, "Habsa, in shekarun nan duka ba su yi mini shaida ba, bakina ba zai yi ba."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini ciwo ƙwarai. Shakiru ba shi da laifi, amma muryarsa ta sayar da katin waya ce. In ya fara kira, sai in ga Baba Issaka ya ajiye guduma, leɓunansa suna motsi, yana bin kiran a hankali. Ya yi alwala ya shiga ya tsaya a sahun baya, kusa da takalma, shi da wurinsa ke bayan liman tun zuwana unguwar. Yara da suka saba gaishe shi suka koma ratsewa ta bayan kwata.

Ranar Asabar muka tafi da sassafe, ni da tukwanena, shi da tubarsa a naɗe cikin zane. Zauren ya cika maƙil, maza da mata, wasu da farin gashi, wasu ɗalibai. Da rana ta ɗaga, ina cikin zuba abinci a bakin ƙofa, sai ga Alhaji Mahamadu cikin babbar riga, fuska a murtuke, carbi a hannu. Na tabbata zuwa ya yi ya janye mutuminsa daga hannun fasto ko da tsiya. Na matsa masa kujera na ce, "Bismilla Alhaji, ka zo a kan gaɓa." Bai kula ni ba.

A gaba kuwa Baba Issaka na tsaye da hularsa, yana bayani da Twi kamar a Adum aka yanke masa cibiya. Yana nuna musu yadda ake wanke cikin ƙaho da ruwan ɗumi, yana gargaɗi kada wanda ya ƙara ɗiga wa maɓallan baƙin man mota, su kuma suna tambaya, yana amsawa, wani lokaci su gyara masa sunan wani sashe ya karɓa. Sannan Madam Afriyie ta yaye zanen, tagulla ta ɗauki ido. Ta ɗaga murya ta ce ga tubar makarantarsu da kowa ya fid da rai da ita.

"Me ta ce sunan abin?" in ji Alhaji, ba tare da ya dube ni ba.

"Abin da na faɗa maka ranar Laraba," na ce.

Baba Issaka ya rungumi ƙahon ya ja sautinsa guda ɗaya, mai kauri, har na ji shi a ƙirjina. Ya ja, ya ja, mutane suka fara duban juna, bai sauke ba. Da ya sauke zauren ya ɓarke da tafi. Wani tsohon malamin waƙa ya miƙe ya ce shi abin da yake so ya koya wa mawaƙansa ke nan, a ina ya samo wannan numfashi?

Baba Issaka ya dafa cikinsa ya ce daga nan ake ɗauko shi, ba daga maƙogwaro ba. Ya ce ba a kan ƙaho ya koya ba, a kan kiran salla ya koya, tun lokacin da babu lasifika, dole muryarka ta kai gidan ƙarshe. "Ni ladan ne," ya ce. Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan Alhaji a bakin ƙofa. "Dā ladan ne. Har ranar Laraba."

Su ba su gane ba, suka ci gaba da tambaya, ya tayar da su tsaye yana koya musu jan numfashi. Amma ni na ga carbin Alhaji ya daina tafiya.

Da aka tashi, Madam Afriyie ta rantse sai motar 'yan badujalarta ta kai mu gida, don an haɗo wa Baba Issaka buhu guda na ƙahonin gyara. Alhaji ya ɗauki buhun da kansa ya ɗora a cinya, babbar riga da komai. Tun daga Adum har Akwatia Line shi da Baba Issaka suna zaune kafaɗa da kafaɗa kowa na kallon tagarsa. A baya 'yan badujala suna ta busa da waƙa, murnar taro bai sake su ba.

Muka iso daidai magariba, muka tarar an ɗauke wuta, dumso ɗin da muka saba. Jama'a sun taru a ƙofar masallaci fiye da kullum, don kowa na son jin yadda aka kwashe. Shakiru na tsaye da makirufo a hannu yana bubbuga shi, abin ya ƙi magana. Alhaji ya sauka, ya ajiye buhu, ya cire igiyar makullin daga wuyan Shakiru. Ya zo gaban Baba Issaka ya miƙa da hannu biyu.

"Ladan, lokaci ya yi."

Baba Issaka ya dubi makullin. "Makullin me, Alhaji? Ba wuta."

Ya tuɓe takalmansa ya hau dakalin masallaci, inda yake tsayawa a zamanin da. Madam Afriyie ta juya ta ɗaga hannu ɗaya, motar ta yi tsit, kowa ya kwantar da ƙahonsa a cinya. Ya sa yatsu a kunne ya ja kabbarar farko da muryarsa kawai, babu waya, babu akwati. Ta bi lungu ta wuce famfo, ta wuce injin niƙa, na ga mata suna leƙowa daga ƙofofin da lasifikar ma ba kullum take kaiwa ba. Wallahi na yi alfahari da mutumin nan.

Ni da na kwana uku ina tanadin baƙar maganar da zan yaɓa wa Alhaji a gaban jama'a, na neme ta na rasa. Yana tsaye a ƙasan dakali, makulli na lilo a hannunsa, yana amsa kiran da ƙarfi fiye da kowa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da aka tayar da salla, Baba Issaka ya nufi sahun baya kusa da takalma. Alhaji ya biyo shi ya kama hannun rigarsa, ya ja shi ta tsakiyar mutane har bayan liman, sannan shi Alhaji ya dawo ya tsaya kusa da takalman.